Katin al'adu na matasan Turai: ana iya saya wa mutum sanin daɗin kiɗa, zane da abinci?

Tun daga ranar 1 ga Maris, 2025, matashin da ya cika shekara 18 a Faransa Yuro 150 gwamnati take zuba masa a katin al'adu, maimakon Yuro 300 da yayyensa suka samu. Ɗan shekara 17 yana samun 50, 'yan shekara 15 da 16 kuwa an cire su daga rabon kai tsaye. An bar ƙarin Yuro 50 ga masu buƙata ta musamman da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A Jamus ma irin wannan kati ya fara da Yuro 200 a 2023, ya koma 100 a 2024, daga baya gwamnati ta sanar da dakatar da shi. Italiya, wadda ita ta fara, ta sauya masa fasali tun 2024.

Wanda ya ji labarin daga nesa tambaya biyu za su taso masa. Me zai sa gwamnati ta ba yaro kuɗin sayen littafi, kallon wasa da sauraron kiɗa? In kuma abin yana da amfani, me ya sa ƙasashen da suka yi ta alfahari da shi suke janye hannu ɗaya bayan ɗaya? Ƙarancin kuɗi a baitulmali yana cikin amsar, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsohuwar muhawara a ƙarƙashi: ta yaya mutum yake zama mai sanin daɗin abu, a wane shekaru, kuma a hannun wa?

Mene ne katin, kuma me ake so ya haifar

A Faransa sunansa pass Culture. Ba tsabar kuɗi ake miƙa wa yaro ba. Manhaja ce a waya: ya yi rajista, a tabbatar da shekarunsa da zamansa a ƙasar, sai adadin ya bayyana masa. Da shi zai iya sayen littafi, tikitin silima, tikitin wasan kwaikwayo na dandamali ko taron kiɗa, kayan kiɗa, ko ya biya kuɗin koyon zane. An gindaya sharuɗɗan da ke nuna inda aka dosa. An ƙayyade abin da za a iya kashewa a kan kayan intanet, an bar Netflix da Amazon a waje, littafi kuma ba a kai wa mutum gida, sai ya taka da ƙafarsa ya je kanti ya karɓa. Ana so yaro ya fito daga ɗaki ya shiga wuraren da bai saba shiga ba.

Kafin a auna nasara ko gazawar shirin, dole a raba abu uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko dama: mutum ya iya biyan kuɗin shiga, wurin kuma ya kasance kusa da shi. Na biyu sha'awa: ransa ya so abin. Na uku sani, wato ya iya bambance mai kyau da mafi kyau, ya kuma faɗi dalili. Mutane da yawa suna son kilishi, amma ba kowa ba ne zai ɗanɗana ya gaya maka an cika labu, ko naman bai sha rana yadda ya kamata ba. Wannan na ukun shi ne yake cin shekaru. Kati yana ba da na farko nan take, aƙalla ta fuskar kuɗin shiga. Gardamar duk a kan na biyu da na uku take, wato ko suna biyo bayan na farko da kansu.

Asalin tunanin

Faransa ta kafa ma'aikatar al'adu a 1959, zamanin Janar de Gaulle, aka ɗora marubuci André Malraux a kanta. Malraux ya yi imani cewa babban aikin fasaha ba ya buƙatar tafinta: ka tsayar da mutum a gaban zane ko ka zaunar da shi a gaban makaɗa, abin zai shige shi da kansa. Saboda haka ya shiga gina gidajen al'adu a biranen da ke nesa da Paris, na farko a Le Havre a 1961.

Ba a jima ba masanin zamantakewa Pierre Bourdieu ya bi gidajen tarihi da na zane-zane yana nazarin masu shiga. Abin da ya gano a shekarun 1960 shi ne, ko da kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, masu zurfin karatu da 'ya'yansu ne suke cika wuraren. Leburan da ya shiga sai ya ji kamar ba wurinsa ba ne, bai san inda zai tsaya ba, bai san abin da ake kallo a jikin zanen ba. A 1979 ya faɗaɗa batun ya haɗa da kiɗa, sutura da abinci, ya nuna cewa abin da mutum yake ɗauka zaɓin ransa ne, yawanci gado ne daga gida da makaranta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sai Jack Lang ya zama minista a 1981 da wata fahimta dabam: al'ada ba ta tsaya ga abin da ke rataye a gidan tarihi ba, abin da matasa ke yi a titi ma al'ada ne. Shi ya ƙirƙiro bikin kiɗa na ranar 21 ga Yuni a 1982, wanda kowa ke fitowa da abin kiɗansa. Waɗannan fahimtoci uku har yau su ake ta jan igiya a kansu.

Katin kansa daga Italiya ya fito. Bayan hare-haren Paris na 13 ga Nuwamba, 2015, waɗanda suka hallaka mutum 130, yawancinsu a zauren kiɗa na Bataclan, Firaministan Italiya Matteo Renzi ya ce duk Yuro ɗaya da za a ƙara wa tsaro, za a ƙara wa al'adu irinsa. A 2016 aka fara ba 'yan shekara 18 Yuro 500. Emmanuel Macron ya ɗauki tunanin ya sa a alkawuran yaƙin neman zaɓensa na 2017. An gwada a wasu yankuna daga 2019, aka bazu ko'ina a Mayun 2021, lokacin da gidajen silima da kantunan littattafai ke farfaɗowa daga kullen korona. A 2022 aka shigo da 'yan shekara 15 zuwa 17, aka kuma ƙara wani kaso na daban da ake ba makarantu don malamai su fita da ɗalibai aji guda. Sifaniya ta bi sahu a shekarar da Yuro 400.

Abin da matasan suka saya

Cikin makonnin farko aka ga inda kuɗin ke tafiya: littattafai, cikinsu kuma manga ne kan gaba, wato littattafan labari cikin zane na ƙasar Japan. Jaridu suka yi ta yi wa shirin laƙabi da katin manga. Daga baya kason manga ya ragu, amma littafi da silima sun ci gaba da riƙe kaso mafi tsoka. Wasan kwaikwayo na dandamali, rawa, opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa cikin waƙa) da gidajen zane-zane, waɗanda su aka fi son a jawo matasa gare su, ɗan abin da suka samu bai kai ya kawo ba.

A Disambar 2024 kotun binciken asusun gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto mai zafi. Ta ce kason da ake ba matasa kai tsaye yana cin fiye da Yuro miliyan 200 a shekara, kuma yawancin abin da ya yi shi ne ƙara wa masu yi ƙarfi: mai karatu ya ƙara sayen littafi, mai zuwa silima ya ƙara zuwa. 'Ya'yan masu ilimi sun fi 'ya'yan leburori amfani da shi. Ministar al'adu ta lokacin, Rachida Dati, ita ma ta riga ta bayyana cewa shirin na buƙatar gyara. Watanni kaɗan bayan haka aka rage kuɗin.

A Italiya matsalar ta haɗa da zamba. An kama kantunan da ke karɓar katin su ba yara tsabar kuɗi ƙasa da ƙimarsa, su kuma su karɓi cikakken kuɗin daga gwamnati. Gwamnatin Giorgia Meloni ta raba katin gida biyu daga 2024: Yuro 500 ga wanda ma'aunin arzikin gidansu bai wuce Yuro 35,000 ba, da wani 500 ga wanda ya ci cikakken maki a jarrabawar kammala sakandare. A Jamus kuwa hujjar dakatar da katin ta shari'a ce, domin masu binciken asusun tarayya sun ce harkar al'adu hurumin jihohi ne.

Yadda harshe, kunne da ido suke koyo

A nan ne binciken masana yake da abin faɗa, kuma abin da yake faɗa ya fi muhawarar 'yan siyasa zurfi.

Koyon ɗanɗano yana farawa tun kafin haihuwa. A 2001 Julie Mennella da abokan aikinta a cibiyar Monell da ke Filadelfiya sun sa wasu mata shan ruwan karas a ƙarshen goyon ciki, wasu kuma a farkon shayarwa. Da jariran suka isa cin abinci aka ba su kunu mai karas, sai aka ga ba su yamutsa fuska kamar 'ya'yan matan da ruwa kawai suka sha ba. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin ruwan mahaifa da nono. Bayan yaye kuma wani abu yana biyowa wanda kowace uwa ta sani: yaro ya fara ƙin duk abincin da bai sani ba. Binciken Leann Birch da waɗanda suka biyo ta ya nuna sau da yawa sai an gabatar wa yaro sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, alhali iyaye da dama suna haƙura tun kafin a kai nan. Sharaɗin shi ne ya ɗanɗana, ba ya gani kawai ba, kuma ba da tilas ba.

Mutum yana zuwa duniya da son zaƙi da ƙin ɗaci. Duk wani abu mai ɗaci, mai yaji ko mai ƙarfin wari da babba ke jin daɗinsa, koyo ya yi. Paul Rozin ya yi nazarin yadda yara a wani ƙauyen Meziko ke fara cin barkono: kaɗan-kaɗan, a tsakiyar manyan da suke ci suna jin daɗi, har zafin da ke sa su kuka ya zama abin da suke nema. Haka goro yake a bakin yaro da bakin dattijo. Ɗacin bai canja ba, mai taunar ne ya canja.

Kunne ma haka. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub sun kunna wa jariran Amurka ta Arewa kiɗan yankin Balkan, wanda karinsa yake da sarƙaƙiya ga kunnen da bai saba ba, sannan suka ɓata karin da gangan. Jariri ɗan wata 6 ya lura da ɓacin, manya ba su lura ba. Ɗan wata 12 ya riga ya fara rasa wannan baiwa, kunnensa ya karkata ga kiɗan gidansu. Amma da aka yi mako biyu ana kunna masa kiɗan a gida, sai ta dawo. Manyan da aka yi wa haka ba su kai inda jariran suka kai ba. A 2016 kuma wasu masana ƙarƙashin Josh McDermott suka je wurin al'ummar Tsimane a dajin Amazon na Bolibiya, waɗanda ba su cika jin kiɗan Turai ba. Haɗin sautukan da Bature ke ji ya dace da wanda yake ji ya yi karo, su duka ɗaya suke a wurinsu. Ke nan hatta abin da ake zaton halitta ce a kunne, sabo yana da kaso mai yawa a ciki.

Akwai kuma shekarun da waƙa ke kama mutum kamun da ba ta sake yi. Morris Holbrook da Robert Schindler a 1989 sun gano cewa mutane sun fi son waƙoƙin da suka yi tashe lokacin da suke wajen shekara 24. Wani nazari da Seth Stephens-Davidowitz ya yi a 2018 da bayanan manhajar sauraron waƙa ta Spotify ya kawo shekarun ƙasa, wajen 13 ga mata, 14 ga maza. Alƙaluman sun sha bamban, amma duka suna nuni ga tsakanin balaga da farkon girma. Wannan yana iya zama hujja ga masu katin, tunda ɗan shekara 18 yana cikin wannan zango. Yana iya zama hujja a kansu, domin waƙar da ke kama shi a lokacin ita ce wadda abokansa ke ji, ba wadda ma'aikata ta zaɓa ba.

Masana halayyar ɗan Adam tun aikin Robert Zajonc na 1968 sun tabbatar da cewa yawan haɗuwa da abu yana ƙara son sa. Sai dai sabo kaɗai so yake haifarwa, ba sani ba. Sani yana zuwa ne idan wani ya nuna maka abin da za ka lura da shi. Misali mafi ƙarfi ya fito daga Arkansas a Amurka. Da aka buɗe gidan zane-zane na Crystal Bridges a 2011, makarantun da suka nemi kai ɗalibai sun fi ƙarfin wurin, sai aka yi ƙuri'a. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta dubban yaran da suka je da waɗanda ba su samu ba. Ziyarar ba ta kai yini guda ba, amma akwai jagora da ke tambayar yaran me suka gani, me suke tsammani mai zanen yake nufi. Waɗanda suka je sun fi iya kallon sabon zane su yi bayaninsa, kuma da aka raba wa kowa takardar shiga kyauta, sun fi komawa da iyalansu. Tasirin ya fi girma a kan yaran karkara da na makarantun talakawa. A gefe guda, Birtaniya ta soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta a Disambar 2001, yawan masu ziyara ya haura sosai, amma irin mutanen da ke zuwa bai sauya da yawa ba.

Girma ba ya rufe ƙofar. Gaskiya ne kunne yana rasa siraran sautuka da tsufa, hanci ma yana raunana, shi ya sa wasu tsofaffi ke cewa abinci ya daina daɗi. Amma abin da aka rasa a kaifi ana samun sa a tarin abin kwatantawa. Wanda ya yi shekara arba'in yana jin salo ɗaya yana jin bambancin da sabon shiga ba zai ji ba, ko da kunnen sabon ya fi nasa lafiya.

Wa ke yanke hukuncin abin da ya cancanta

Masu goyon bayan katin a yadda yake tun farko suna cewa 'yanci shi ne ginshiƙinsa. Yaron da ya shiga kantin littattafai don manga ya shiga kantin littattafai, ya san mai kantin, ya ga wasu kantoci, wataƙila wata rana ya miƙa hannu can. Suna ƙarawa da cewa raina manga tsohon hali ne na manya: waƙar jazz da silima ma an taɓa ɗaukar su shirme kafin a sa su a jami'a. Masu kantunan littattafai suna cikin wannan ɓangare, kuma ba su ɓoye cewa cinikinsu ya amfana ba.

Masu suka kashi biyu ne, kuma ba su jitu da juna ba. Kashi na farko magadan Malraux ne: kuɗin jama'a bai kamata ya tafi ga abin da kasuwa ta riga ta iya sayarwa ba, a kashe shi kan abin da yaro ba zai taɓa gani ba in ba a kai shi ba. Kashi na biyu magadan Bourdieu ne. Su ba zaɓin yaran ne ya dame su ba, rabon ne: ba kowa daidai da kowa yana nufin ɗan mai hali ya samu kyautar abin da dā iyayensa za su saya masa, ɗan ƙauye kuma ya riƙe katin da babu inda zai kashe shi, tunda kuɗin mota zuwa birni ba ya ciki.

Sifaniya ta gwada tsaka-tsaki. Ta kasa Yuro 400 ɗin: 200 ga abin da ake halarta ido da ido, 100 ga kaya irin su littafi, 100 ga na intanet. Amma ita ma ba ta tsira daga tambayar ba. Gwamnati ta cire wasan artabu da bijimi daga jerin, masu harkar suka kai ƙara, kotun ƙoli a Fabrairun 2023 ta soke cirewar, domin wata doka ta 2013 ta riga ta amince da wasan a matsayin gadon al'adar ƙasar. Duk gwamnatin da ta ce za ta tallafa wa al'ada, dole wata rana ta faɗi abin da take kira al'ada, kuma wani zai ƙi yarda.

Wani abu da ke dagula rabon ɓangarorin shi ne binciken Richard Peterson da Roger Kern na 1996 a Amurka. Sun nuna cewa masu matsayi na zamani ba sa bambanta kansu da tsayawa kan kiɗan manya kaɗai, sai da faɗin abin da suke iya ji: na gargajiya, na zamani, na wata ƙasa. In haka ne, gibin da ke tsakanin yara ba na manga da opera ba ne. Wani yana da ƙofa goma a buɗe, wani yana da ɗaya.

Idan aka ɗora hujjojin a ma'auni, sun fi rinjaya ga cewa kuɗi a hannun ɗan shekara 18 yana cire shinge ɗaya ne kawai, kuma ba shi ne mafi tsayi ba. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne fita tare da malami, tun da sauran ƙuruciya, a kuma maimaita. Wannan ne ya sa malaman makaranta a Faransa suka fusata a ƙarshen Janairun 2025, lokacin da aka tsayar da karɓar sababbin buƙatu a kason makarantu ba zato ba tsammani saboda kasafin ya kusa ƙarewa. Kason da ya fi dacewa da abin da bincike ya nuna, shi ma bai tsira daga tsuke bakin aljihu ba.

Abinci ya bi wata hanya

Ba a cin abinci a gidan abinci da katin. A wannan fanni Faransa ta zaɓi aji tun da daɗewa. A shekarun 1970 Jacques Puisais, masanin sinadarai, ya fara darussan ɗanɗano ga 'yan firamare: su sansana, su taɓa, su tauna a hankali, su nemo kalmar da za ta bayyana abin da suka ji, ba tare da an ce musu wannan ne mai kyau ba. Tun 1990 ake makon ɗanɗano duk Oktoba, inda masu dafa abinci da masu gasa burodi ke shiga azuzuwa. Tsarin ya yaɗu zuwa Suwidin da Finlan. Japan ta wuce nan, ta yi doka sukutum a 2005 kan ilimin abinci, abincin rana a makaranta ya zama darasi, yara ne ke rabawa, ana gaya musu inda kowane abu ya fito. A 2010 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsarin zaman cin abincin Faransawa cikin gadon al'adun duniya, a 2013 ta sa girkin gargajiyar Japan. Abin lura, a duka biyun abin da aka karrama ya haɗa da zaman tare da yadda ake miƙa sanin daga manya zuwa yara, ba abincin masu kuɗi ba.

Wa sauyin zai shafa

Matashin da iyayensa ke da hali ba zai ji ragin ba. Wanda zai ji shi ne wanda Yuro 300 ta kasance hanyarsa tilo ta mallakar jita ko biyan kuɗin koyon wani abu na 'yan watanni, domin 150 tana sayen littattafai da tikiti, amma da ƙyar ta kai ga abin da ake daɗewa ana koyo. 'Ya'yan baƙi da ke zaune a Faransa bisa ƙa'ida fiye da shekara guda suna cikin masu haƙƙin katin, don haka iyalan da suka fito daga Nijar, Chadi ko Kamaru abin ya shafe su kai tsaye. Ƙananan kantunan littattafai da gidajen silima na garuruwa za su ga raguwar ciniki. A Italiya kuma tsarin 2024 ya bar ɗimbin matasa a tsakiya: gidansu ya ɗan haura ma'aunin, makinsu bai cika ba, ba su da ko ɗaya.

Inda batun ya taɓa ƙasar Hausa

Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ba zai karɓi wannan kuɗi ba, amma tambayar tasa ce. Ƙasar Hausa tana da hujjarta a kan yadda ake horar da kunne. Yaron da ya yi shekaru a gaban malami yana biya karatu, ana tsayar da shi a kan madda da gunna, idan ya girma yana jin ƙira'a zai san mai kyau tun kafin a kai ƙarshen aya. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a Sakkwato a 1986 ta tara masu sauraro irin waɗannan, waɗanda ke gane kuskure tare da alƙalai. Babu wanda ya ba su kati. Maimaici ne, da malami, da jama'ar da ta ɗauki abin da muhimmanci.

Inda aka rasa waɗannan ukun, sanin yana ja da baya. Waƙar fada cike take da salsalar sarakuna, zambo da habaici. Matashin da ba a gaya masa wa ake yabo, wa ake yi wa shaguɓe ba, ganga kawai zai ji, kuma ba laifinsa ba ne in ya koma ga waƙar da ke magana da shi kai tsaye. Mai sayen babbar riga da bai taɓa zama kusa da maɗinki ba, ba lalle ya bambance aska takwas ta hannu da ta keke ba, in kuwa masu bambancewa suka yi ƙaranci, mai aikin hannu ba zai samu wanda zai biya wahalarsa ba. A madafa ma, yaron da ya tashi da ɗunƙulen ɗanɗano na kanti kaɗai a miya yakan ji daddawa ta yi masa wari, abin da binciken Birch zai iya hasashensa.

Batun kiɗa a nan yana da wani ɓangare da Turai ba ta fama da shi, wato saɓanin malamai kan hukuncinsa, kuma iyaye da yawa da shi suke auna abin da za su bari ya shiga kunnen 'ya'yansu. Wannan ya rage ga kowane gida. Amma rubutacciyar waƙa, zayyana, ɗinki, ginin gargajiya da girki ba su cikin wannan saɓani, kuma wuraren ganin su suna nan: gidan tarihi na Jos tun 1952, na Yamai mai sunan Boubou Hama tun 1959, Gidan Makama a Kano, marinar Ƙofar Mata. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin gadon al'adun duniya, wanda shi kaɗai ya tara kiɗa, sutura, aikin fata da na ƙira a fili guda. Kuɗin shiga irin waɗannan wurare ba shi ne babban cikas ba. Abin da makaranta za ta nema shi ne mota, yini guda daga jadawali, da mutumin da ya san kayan zai tsaya ya amsa tambayoyin yara.